Kwalliyar da gumi ba ya wankewa: jagora ga masu sana'ar rawa a Accra

Kwalliyar amarya da kwalliyar mai rawa suna ne kawai ya haɗa su, aikinsu kuwa ya bambanta ƙwarai. Amarya tana zaune a kan kujera, ƙawaye na yi mata fifita, wata na tsaye da hankici tana jiran ɗigon gumi na farko. Mai rawa kuwa zai yi minti ashirin ko talatin yana juyi da tsalle a ƙarƙashin fitilu, a garin da iskar teku ke ɗauke da laima har gumi ba ya saurin bushewa a jiki, kuma babu wanda zai tsayar da makaɗa domin a gyara masa fuska. Na daɗe ina yi wa 'yan rawa kwalliya a bukukuwan Nima, Maamobi da Madina, wani lokaci kuma a manyan dandamali, kuma abin da na fahimta shi ne yawan kayan shafa ba ya sa kwalliya ta zauna. Lafiyar fatar da ke ƙasa da kuma siririn shafi a kan siririn shafi su ne suke riƙe ta.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun a ranakun atisaye. A wanke fuska sau biyu a rana, safe da dare, a ƙara na uku bayan atisaye idan an jiƙe da gumi, kuma a yi hakan da ruwa mai ɗan ɗumi ko na sanyi. Sabulun salo, wanda ake kira alata samina a kasuwannin nan, yana wanke maiƙo sosai, sai dai yana da ƙarfi, kuma wanda ya goga dunƙulensa kai tsaye a fuska zai ji raɗaɗi, fatar ta ɗaure kamar ganga. A murza shi a tafin hannu har ya yi kumfa, a wanke da kumfar kawai, a ɗauraye da wuri. Wanda fatarsa ke bushewa ya bar shi ga jiki, ya nemi sabulun fuska na ruwa marar ƙamshi.

Man kaɗanya da ake kawowa daga Tamale da sauran garuruwan arewa ba shi da na biyu wajen gwiwa, gwiwar hannu, ƙwauri da diddige, musamman a watannin Disamba da Janairu lokacin da hunturu ke saukowa har bakin teku. A fuska kuwa sai da lura. Mai busasshiyar fata zai iya shafa kamar ƙwayar gyaɗa da dare, amma mai fata mai maiƙo ya fi dacewa da man shafawa mai ruwa-ruwa wanda fata ke shanyewa nan take. Akwai wata al'ada da nake yawan faɗa a kanta, wato zama da rigar atisaye jiƙaƙƙiya a shiga motar haya ta tiroto da ita tun daga Legon har Nima. Ɗumi da laima su ne abincin ƙyasfi da ƙurajen zafi, kuma baya da ƙirji su ne wuraren da kayan rawa suka fi bayyanawa. A riƙa tafiya da busasshiyar riga a jaka, a yi wanka da zarar an isa gida.

Ba zan tsallake batun man bilicin ba, domin na ga abin da yake yi wa masu wannan sana'a. Tun shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da mayukan shafawa masu sinadarin haidirokwinon, amma har yanzu ana samun irinsu, ana kuma samun waɗanda aka cuɗa da maganin sitiroyid mai ƙarfi. Irin wannan mai yana siranta fata har jijiyoyi su riƙa nunawa, yana fito da ƙuraje, yana kuma barin kumatu da baƙin tabo kamar ƙuna idan rana ta doke su. Fatar da ta kai wannan hali ba ta karɓar fandeshan, wato shafin da ake daidaita launin fuska da shi, domin launin goshi daban, na kumatu daban, na wuya daban, gumi kuma yana yi mata zafi. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa ta je ta ga likitan fata, akwai su a asibitin koyarwa na Korle Bu, domin barin mai irin na sitiroyid farat ɗaya yakan tayar da fata, ana janye shi ne a hankali bisa shawarar likita.

Masu rawa a fili da rana, kamar a hawan salla, taron sarauta ko bikin Chale Wote da ake yi a watan Agusta, suna bukatar man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama da haka. Baƙar fata ma tana ƙonewa, kuma rana ce take ƙara duhun tabon da ƙuraje suka bari.

A ranar wasa, abu na farko shi ne lissafin lokaci. A ware aƙalla awa ɗaya domin fuska kawai. Ga musulmi akwai ƙarin lissafi, domin kayan kwalliyar da aka yi su don kada ruwa ya ratsa su suna hana ruwan alwala isa ga fata. Dabarar da muka saba da ita ita ce a yi alwala tukuna, a yi sallar da lokacinta ya shiga, sannan a zauna gaban madubi, a kuma dubi jadawalin taron a san inda magariba za ta riski mutum. Bayan an wanke fuska, a shafa mai kaɗan, a ba shi minti goma ya shige. Wasu sukan naɗe ƙanƙara a kyalle mai tsabta su dafa fuska na ɗan lokaci domin ta huce, kuma yana taimakawa idan ɗakin shiri ba shi da fanka. Kada a taɓa ɗora kwalliya a kan fuskar da ke cikin tsatsafo da gumi, domin tamkar yin shafe ne a kan jiƙaƙƙen bango.

Daga nan sai firaima, wadda ita ce shimfiɗar da ke tsakanin fata da fandeshan. A sa ta a goshi, hanci, saman leɓe da haɓa, inda maiƙo ya fi fitowa. Fandeshan kuwa a ɗebo kaɗan a bayan hannu, a riƙa dangwala shi da soso mai ɗan danshi ana dannawa, kada a ja shi kamar mai shafa man jiki. Idan shafi ɗaya bai rufe tabo ba, a jira ya sha iska, a ƙara a kan tabon kawai. Sannan a danna hoda da tsumman hoda, a bar ta minti biyu ko uku, a kaɗe ragowar da burushi, a fesa ruwan riƙe kwalliya daga nisan kamar kamu ɗaya, a bari ya bushe da kansa.

Wannan darasi na koye shi ne da kunya. A wani bikin aure, farkon shigata sana'ar, wata yarinya daga cikin 'yan rawarmu ta ce mini, "Anti, ki ƙara mini, ina son ya kai har dare." Na biye mata, na lafta mata fandeshan mai kauri. Kafin a gama kiɗa na biyu sai ga layuka biyu masu launin ƙasa sun gangaro daga gefen kunnuwanta, sun bi wuya, sun sauka a kan farin leshin da aka ɗinka wa ƙungiyar gaba ɗaya. Ta sa bayan hannu ta share goshi, sai rabin girarta ya tafi tare da shi. Gumi yana fitowa ne daga ƙarƙashi, kuma idan ya tarar da shafi mai kauri ɗaga shi yake yi gaba ɗaya, alhali siririn shafi yakan bar shi ya tsatso ya taru a sama inda za a iya ɗauke shi.

Zaɓen launi ma yana kayar da mutane da yawa. Wanda ya je kasuwar Makola saye kada ya gwada a bayan hannu a cikin inuwar rumfa. A ɗiga a gefen muƙamuƙi, a fito haske, a duba wanda ya ɓace tsakanin fuska da wuya. Hodar da ta fi fata haske tana iya yin kyau a madubi, amma da zarar fitilar kyamara ta haska sai fuska ta fito fari fat kamar an tsoma ta a toka, wuya da kafaɗu kuma suna baƙaƙe. Kafin a fita ɗakin shiri, a ɗauki hoto da waya da fitila a kunne, hoton zai faɗi gaskiya. Duk wani sabon abu kuma, ko mai ne ko gam, a gwada shi a bayan kunne kwana biyu kafin ranar wasa.

Ido da gira su ne inda kwalliyar dandamali ta fi rabuwa da ta gida. A babban zaure irin na gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, wanda aka buɗe a 1992, mai kallo na kujerar baya ba ya ganin ƙananan zane, fitilu masu ƙarfi kuma suna shafe ƙirar fuska har ta zama kamar faranti. A rawa irin ta Adowa, inda hannu da ido suke isar da saƙo, fuskar da ba a gani ta rage rabin rawar. Don haka a cika gira da jagira mai duhu, a ja layin ido ya fi na kullum kauri, a ɗan fitar da wutsiyarsa, a sa launi mai haske a ƙarƙashin gira da kusurwar ido ta ciki. Abin da ya yi kamar ya yi yawa a madubi shi ne daidai daga nesa. Amma a tsakar gidan biki, inda masu liƙi suke zuwa har gaban mutum, sai a rage hannu.

Kwallin gargajiya na dutse yana da daɗin gani, sai dai an sha samun dalma a cikinsa, kuma dalma guba ce da ke taruwa a jiki, saboda haka fensirin ido wanda ruwa ba ya wankewa ya fi aminci ga mai shafawa kullum. Kada kuma a yi aron fensiri, maskara ko gashin ido, ko da tsakanin 'yan uwa ne. Ciwon idon nan da muke kira Apolo a Ghana aka fara ganin annobarsa a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, daga nan ciwon ya samo sunansa, kuma fensiri ɗaya ya isa ya zagaya da shi cikin ƙungiya a mako guda. Maskara a canza ta bayan wata uku. Gam ɗin gashin ido ya zama wanda aka yi domin ido. Gam ɗin ƙarin gashin kai da wasu ke amfani da shi saboda arha ba shi da wuri kusa da fatar ido. Haka nan baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi yana iya tayar da bororo ya bar tabo, jan lalle na ganye shi ne lafiya.

Leɓe ba ya bukatar dogon bayani. A zagaye shi da fensiri, a cike shi duka da fensirin, a ɗora jan baki marar sheƙi, a danna da tishu, a maimaita. Mai sheƙi yana kama gashi da bakin mayafi a lokacin juyi. Maza masu rawar Takai ko Kpanlogo ba sa bukatar duk wannan, hoda mai launin fatarsu a goshi da hanci ta wadatar domin kada fuska ta riƙa walƙiya a hoto. Inda rawa ta bukaci zanen farar ƙasa a kafaɗa da hannu, a shafa mai tukuna, domin tana tsotse danshin fata.

Tsakanin fita da fita, a dafa gumi da tishu ko tawul mai laushi, a ɗaga, kada a goga. Sai fuska ta bushe sannan a ƙara hoda, in ba haka ba hoda da gumi za su kwaɓe su zama taɓo. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan.

Wanke kwalliya shi ne matakin da aka fi yi wa ha'inci, kuma shi ne wanda ya fi shafar fata. Mutum ya dawo gida ƙarfe ɗaya na dare, ƙafafu na zogi, wataƙila ma an ɗauke wuta, sai ya sa tsumma ya share sama-sama ya kwanta. Abin da ya rage a fuska haɗin fandeshan ne da gumi da ƙurar hanya, kuma shi ne zai kwana yana toshe ƙofofin fata. Kayan da ruwa ba ya wankewa mai ne yake narkar da su, don haka a fara da man zaitun, man kwakwa ko man cire kwalliya, a murza a busasshiyar fuska na minti ɗaya har launuka su narke. A jiƙa auduga da man a ɗora a kan ido a rufe, a ƙirga ashirin, sannan a share zuwa ƙasa a hankali. Gashin ido na kanti zai saki da kansa, ba sai an fizge shi tare da na ainihi ba. Bayan haka a wanke da sabulun fuska domin a cire man, a bi gefen gashi, bayan kunne da wuya, a duba da farin tawul ko akwai sauran launi. Wanda ya san halinsa na gajiya ya ajiye mai, auduga da ledar fiyawota biyu a jaka, ya yi wankin farko tun a wurin taron kafin ya hau mota.

Washegari, idan babu wasa, a bar fuska ta huta ba tare da an shafa mata komai ba sai mai. A ranar ce kuma ya dace a wanke soso da burusai da sabulu, a shanya su a kwance inda iska ke ratsawa, domin soson da aka cusa a jaka da danshinsa yakan yi funfuna cikin 'yan kwanaki a yanayin Accra. Masu rawa ba takalmi su jiƙa ƙafafu a ruwan ɗumi na minti goma, su goge kaushi da dutse sama-sama ba tare da sun cire taurin tafin duka ba, tunda shi ne yake kare su daga zafin siminti, sannan su cika faso da man kaɗanya su sa safa su kwanta.