Kurakuran da ke kayar da masu karatun tuƙin jirgin sama

Kafin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, ta ba mutum lasisin tuƙa ƙaramin jirgi na ƙashin kansa a Najeriya, sai ya ci jarrabawar aji: dokokin sama, yanayi, lissafin hanya, aikin inji da sauransu. Babban ramin da ɗalibai ke faɗawa shi ne haddace tambayoyin baya da amsoshinsu. Da an sauya lamba ɗaya a tambaya sai hadda ta watse. Maganinsa, duk tambayar da ka ci, rufe littafi ka faɗi dalilin amsar da bakinka. In ka kasa, ba ka iya ba tukuna.

Inda hadda ta fi cutarwa shi ne tasirin zafi a kan iska. Ɗauki filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda tsayinsa daga teku ya kai ƙafa 1,560 ko kusa da haka. A ma'aunin ICAO, hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, zafi digiri 15 ne a bakin teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, wato a Kano ana sa ran digiri 12. To, da azahar a watan Afrilu zafi kan kai 40. Bambancin 28 ke nan. Ninka shi da ƙafa 120 (kimanin tsayin da kowane digiri ɗaya ke ƙarawa), ka samu 3,360, ka ɗora a kan tsayin filin. Jirgin zai tashi ne tamkar yana kan ƙafa 4,900, sama da filin jirgin Jos. Iska ta yi sirara, inji ya rage ƙarfi, gudun tashi ya ci titi mai tsawo, hawa ya yi nawa. Ɗalibin da ya duba jadawalin ƙarfin tashin jirgi da 1,560 kawai ya yi wa kansa ƙarya, kuma irin wannan ƙarya tana cin rai.

Haka batun altimita, na'urar da ke auna tsayin jirgi ta hanyar matsin iska. Kowane hektofaskal ɗaya (ma'aunin matsin iska) kusan ƙafa 30 ne. In ka nufi inda matsin iska ya ragu da hektofaskal 10 ba ka sabunta QNH (matsin iskar wurin da ake saita altimita da shi) ba, kana ƙasa da abin da na'ura ke nunawa da ƙafa 300. A cikin hazon hunturu, ido ba lallai ya cece ka ba.

Da yawa kuma suna ɗauka cewa ƙarancin gudu ne kaɗai ke sa fiffike ya daina ɗaukar jirgi. Ainihin dalilin shi ne kusurwar da fiffike ke tarar iska, in ta wuce digiri 15 ko 16. A kwanar da aka karkata digiri 60, nauyi kan fiffike yana ninkawa biyu, gudun da matsalar ke faruwa ya ƙaru da kashi 41 cikin 100.

A kula da littattafan Amurka: suna saita altimita da inci 29.92, a nan hektofaskal 1013 ake amfani da shi. Lokacin METAR, wato rahoton yanayin filin jirgi, kuwa na UTC ne (agogon GMT), sai ka ƙara awa ɗaya ka samu lokacin Najeriya.

Kada zafin ƙasarmu ya sa ka tsallake babin ƙanƙara a kabureta. Mai yana ƙafewa a cikinta, iska ta yi sanyi ƙwarai, don haka da damina, ko da zafi ya kai digiri 30, laima tana iya daskarewa ta toshe maƙogwaron. Alamar farko ita ce juyin inji ya ragu. Ka ja zafin kabureta gaba ɗaya, ka bar shi a jaye ko da inji ya yi tari na ɗan lokaci, ƙanƙarar ce ke narkewa.