Yadda Za Ka Riƙe Ma'aikatanka Da Zuciya Ɗaya Bayan Ka Sassauta Musu Lokaci Da Wurin Aiki

Yawancin sababbin manajojin da na ga sun bai wa ma'aikatansu damar yin wasu ranaku a gida, ko kowa ya zaɓi sa'o'in da suka dace da shi, wuri ɗaya suke yin tuntuɓe. Watannin farko kowa murna yake yi. Babu cunkoson hanya, babu rige-rigen sa hannu a rajistar safe. Sai tafiya ta yi nisa ka ga ma'aikacin da ya fi kowa tambaya a taro ya koma "to" da "na gani". Aikinsa bai lalace ba, yana miƙa shi a kan kari, amma ya daina kawo shawara, ya daina gardama. Wata safiya sai ga takardar ajiye aiki. Manaja ya ce zaman gida ne ya sangarta shi, alhali mantawa aka yi da shi tun da aka daina ganin fuskarsa.

Zancen kwamfuta da intanet da manhajar taro ba zan tsaya a kai ba, na ɗauka ka riga ka tanada. Ga abin da ya rage.

Mataki na farko: rubuta abin da aka sassauta da wanda ba a sassauta ba

Shafi ɗaya ya isa. Idan ya kai uku ba mai karantawa. A ciki ka faɗi sa'o'in da dole a samu kowa, a gida yake ko a ofis. Ni sa'o'i huɗu na tsakiyar rana nake sawa, kuma ban ga dalilin wuce haka ba. Ka faɗi tsawon lokacin da ake jiran amsar saƙo, da hanyar da za a bi idan abin gaggawa ya taso, wato a kira a waya, ba a tura saƙo a zauna jira ba.

Ranakun zuwa ofis kuma kada ka bar kowa ya zaɓi nasa. Nan sababbin manajoji ke ganin sun yi adalci, sai Talata mutum ya sha hanya ya iso ya tarar da kujeru babu kowa, ya zauna yana taro ta bidiyo da abokan aikin da ke gida. Sau biyu ya yi haka zai fara tambayar kansa me ya fito da shi. Sashe guda ya zauna ya tsayar da ranakun da kowa zai zo tare. A gwajin da Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin, wanda aka buga a mujallar Nature a 2024, ranakun gida tsayayyu ne, Laraba da Juma'a. Ma'aikata 1,612 aka raba gida biyu, kuma a ɓangaren masu yin kwana biyu a gida barin aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, ba tare da an ga ƙoƙarinsu ya ja baya ba.

Ka kuma duba dokar ƙwadago ta ƙasar da kake kafin ka rubuta komai. A Birtaniya, alal misali, tun 6 ga Afrilu 2024 ma'aikaci na da haƙƙin neman sassaucin aiki daga ranar da ya kama aiki. Dokoki sun bambanta, kada ka kwafi takardar wani kamfani ka manna.

Mataki na biyu: daina kallon koren ɗigo

Manhajojin hira na ofis irin su Teams da Slack suna nuna ɗigo a gefen sunan mutum idan yana kan kwamfuta. Manajan da ya fara gadin wannan ɗigo ya gama rasa ma'aikatansa. Daga nan sai ya sayi manhajar da ke ɗaukar hoton allon ma'aikaci ko ƙirga yawan danna madannai, wadda kuɗinta kan kowane ma'aikaci ne, kowane wata, har abada. Su kuma ma'aikata su sayi 'yar na'urar da ke motsa linzamin kwamfuta su tafi harkokinsu. An kashe kuɗi ta kowane ɓangare, kuma abin da aka saya rashin yarda ne. Kamfanin Microsoft ya yi tambayoyi a 2022, kashi 87 cikin ɗari na ma'aikata suka ce suna aiki yadda ya kamata, kashi 85 cikin ɗari na shugabanni kuma suka ce sabon tsarin raba aiki tsakanin gida da ofis ya sa da wuya su yarda da hakan.

Maganin shi ne kowane mutum ya san abin da ake jira daga gare shi a ƙarshen mako, a rubuce, abu uku ko huɗu, da yadda za a gane an gama. "Ka ci gaba da aikin rahoton nan" ba umarni ba ne. "Ranar Alhamis ina son babi na biyu da alƙaluman wata uku, don mu tura wa sashen kuɗi" shi ne umarni. Idan ya kawo, bai shafe ka ba ko da asuba ya yi ko bayan ya kwantar da yara.

Mataki na uku: zama da kowa shi kaɗai, da adalci wajen rabon dama

A nan ake faɗuwa, saboda haka a nan zan daɗe.

A ofis manaja na sanin halin mutanensa ba tare da ya yi niyya ba. Ya ga wanda fuskarsa ta canza, ya ji wanda ke faɗa da abokin ciniki a waya, a bakin ƙofa wani ya tsayar da shi ya ce, "Oga, ina da 'yar magana." Duk wannan kyauta yake samu. Da an watse, kyautar ta ƙare, kuma sabon manaja bai ma san ya yi asara ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Tunda ƙafar ba za ta kai ka teburinsa ba, dole ka sa zuwan cikin jadawali.

Rabin awa, kowane mako, da kowane mutum da ke ƙarƙashinka kai tsaye. Wasu na cewa sau ɗaya a mako biyu ya wadatar. Ban yarda ba, musamman ga wanda bai cika shekara a wurin ba. Kuma kada ka soke. Ka ɗage zuwa gobe idan dole ta kama, amma sokewa saƙo ne, ma'aikaci kuma yana karanta shi sarai: akwai abin da ya fi ka muhimmanci. Manajoji sun fi saurin soke zaman wanda ba ya ba su ciwon kai, suna cewa ai wane ba shi da matsala. To shi ne wanda wani kamfani zai fi son ɗauka.

Kuskure na biyu shi ne mayar da zaman wurin karɓar rahoto. "Ina aka kwana kan aikin nan? Wancan fa?" Wannan ai a rubuce za a iya turo maka. Ka bar shi ya fara magana. Idan ya yi shiru, kuma makonnin farko zai yi, ka tambaye shi abin da ya fi cinye masa lokaci a makon ba tare da amfani ba. Ka tambaye shi ko akwai abin da yake jira daga wurinka. Ka tambaye shi wane labari ne ya ji a makare, bayan kowa ya sani. Wannan ta ƙarshen ita ce ke tono abin da ke ƙasa, domin wanda ke gida ya fi jin zafin a yanke hukunci kan aikinsa a wani zaman da ba a gayyace shi ba. Kada ka karɓi "lafiya lau, ba komai" ka kashe waya cikin minti biyar. Ka yi haƙuri da shirun. Abin da ya faɗa kuma ka rubuta, mako mai zuwa ka fara da shi: "Maganar da ka yi kan izinin shiga rumbun bayanai, an gyara." Idan sau uku yana kawo kuka ba a share ba, ba zai kawo na huɗu ba.

Duk wata biyu ko uku ka ware zama ɗaya a yi zancen gaba kaɗai: ina yake son kaiwa, me ya rage masa ya koya, wane aiki ne zai kai shi can.

Dalilin nacewa kan wannan yana cikin wani gwaji da Bloom ɗin ya yi tun da farko a kamfanin Trip.com ɗin nan, lokacin ana kiransa Ctrip, daga ƙarshen 2010 zuwa 2011. Masu amsa kiran waya ne a Shanghai, aka tura wasu gida na tsawon wata tara. Ƙoƙarinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, barin aiki ya ragu da kusan rabi. Amma idan aka auna da irin ƙoƙarin da suka yi, ƙarin girman da suka samu bai kai na 'yan ofis ba. Da aka gama gwajin aka ba kowa zaɓi, kusan rabin waɗanda aka tura gida suka koma ofis, da yawa suna kukan kaɗaici. Sun fi aiki, an fi mantawa da su. Ma'aikata ba sa bukatar karanta wani bincike kafin su gane haka na faruwa a wurinsu. Ƙarin girma biyu kawai za su gani sun tafi wajen masu zama kusa da ofishin oga, su gane cewa sassaucin nan tarko ne.

Saboda haka ka buɗe wani ɗan shafi, kai kaɗai, ka riƙa rubuta wanda ka bai wa kowane aiki mai fito da mutum: gabatarwa a gaban manya, jagorancin sabon shiri, zuwa horo. Bayan wata uku ka duba sunayen. Yawancin manajoji sukan sha mamakin yadda sunaye biyu ko uku ke maimaituwa, kuma su ne waɗanda suka fi cin karo da su. Ba mugunta ba ce, wanda ido ya faɗa kansa lokacin da aikin ya taso shi aka miƙa wa. Amma wanda aka tsallake bai damu da niyyarka ba.

Sai dokoki biyu da ba na sassautawa. Duk shawarar da aka yanke a tsaye, a baranda ko bayan an tashi taro, a rubuta ta a inda kowa zai gani kafin rana ta faɗi, in ba haka ba ba a yanke ta ba. Idan kuma za a yi taro wasu na ɗaki wasu na gida, na gida su fara magana, kuma a sa mutum ɗaya ya riƙa lura da wanda ya ɗaga hannu a allo. Ni na fi son ma kowa ya shiga ta kwamfutarsa ko da yana ofis, don kada mutum biyar su yi ta dariya a tebur ɗaya, na shida yana jin hayaniya kawai.

Kai ma ka riƙa yin ranakun gidan. Idan shugaba na ofis kwana biyar, duk abin da takarda ta ce, mutane sun san inda ake rabon.

Yabo kuma a yi shi a bainar jama'a, da suna, da abin da aka yi. "Sannunku da ƙoƙari" ba ta kai wa kowa. Cibiyar Gallup, mai binciken ra'ayin jama'a, ta daɗe tana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na bambancin himma tsakanin wannan sashe da wancan daga manaja yake fitowa.

Mataki na huɗu: rage taro, haɗa mutane

Da manaja ya ji an yi nisa da juna sai ya ƙara taruka. Kada ka yi. Taron sashe ɗaya a mako ya isa, sauran a rubuta. Wasannin nishaɗi ta bidiyo na dole bayan an tashi aiki kuwa, ka bar su, babu wanda suke faranta wa sai wanda ya shirya.

Abin da ke yankewa da gaske shi ne alaƙa tsakanin sassa. Binciken da aka yi kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000, wanda ya fito a 2021, ya nuna da aka koma gida kowa ya ƙara manne wa 'yan sashensa, hulɗa da sauran sassa ta ragu. To ranakun ofis a kashe su kan wannan: aikin haɗin gwiwa, koyarwa, warware saɓani. Sabon ɗauka kuma a haɗa shi da wani tsohon hannu wanda ba ogansa ba, wanda zai iya yi wa tambayar da yake jin kunyar yi maka, kuma makonninsa na farko ya fi yin su a ofis.

Mataki na biyar: lokacin tashi

Wanda ke aiki a gida ba shi da ƙofar da zai rufe ya tafi. Idan ka tura saƙo ƙarfe goma na dare, ko ka rubuta "ba sauri", zai amsa, gobe kuma ya jira wani. Faransa ta sa wannan cikin doka tun 2017, inda aka bukaci kamfanoni masu ma'aikata hamsin zuwa sama su tattauna yadda mutum zai kashe na'urorinsa bayan aiki. Kai ba sai ka jira doka ba. Gmail da Outlook duk suna da wurin tsara saƙo ya tafi da safe, kuma ba a biyan ko sisi.

Sauran a taƙaice

Waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa daga gida, masu tarbar baƙi, masu gadi, masu kula da injuna, ka ba su nasu sassaucin: su iya musayar lokacin aiki a tsakaninsu, su san jadawalinsu tun da wuri. In ba haka ba ka raba gidan biyu. Duk wata uku ka tura tambayoyi uku ko huɗu ba tare da an sa suna ba, ka faɗa wa kowa abin da ya fito da abu ɗaya da za ka canza. Idan ba ka shirya canza komai ba, kada ka tura. Wanda kuma ya ci amanar tsarin, ka zauna da shi shi kaɗai, ka janye masa damar na wani lokaci idan ta kama, ka bar sauran da tasu.