Kwandala ko kati: yadda za ka zaɓi hanyar karɓar kuɗi a wurin wankin mota na wanke-da-kanka

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani ƙanena na zumunci ya tare ni a bakin mota. Ya ce, "Yaya, na samu wani tsohon wurin wankin mota da za a sayar, rumfa huɗu. Dillalin injuna ya ce in tumɓuke akwatunan kwandala gaba ɗaya in sa na kati. Me ka gani?" Na ce masa, "Ƙanena, kada ka sa hannu a takardar kowa sai mun zauna." Abin da na faɗa masa a wannan zama shi ne zan maimaita a nan.

Ni a birnin Kolombos na jihar Ohayo nake, a Amurka, kuma ina da irin wannan wuri mai rumfa biyar da injin tsotse ƙura biyu. Ga wanda bai taɓa gani ba, ba irin na gida ba ne da za ka miƙa wa yara mukulli su hau motar da soso da bokiti. Nan babu ma'aikaci. Mai mota zai shigar da ita rumfa, ya biya a wani akwatin ƙarfe da ke jikin bango, agogon ƙidaya ya tashi, shi kuma ya ɗauki bindigar ruwa ya murɗa makunni zuwa sabulu, ko burushi mai kumfa, ko ɗauraya. Wannan akwati shi ne yaron shagonka, shi ne kuma ma'ajinka. Ranar da ya ƙi karɓar kuɗi, ko da famfunanka sababbi ne fil, ka rufe kasuwa ke nan ba ka sani ba.

Kafin ka kalli kundin kayan kowane kamfani, ɗauki kujera ka zauna a wurin mako biyu, har da Asabar da Lahadi da kuma dare. Rubuta wa ke zuwa, da me yake biya, minti nawa yake yi, kuma mutum nawa ne suka shigo suka duba akwatin suka juya saboda ba su da tsaba a aljihu. Waɗannan masu juyawa su ne dalilin sa na'urar kati. Amma ka lura da ɗaya ɓangaren ma. A unguwarmu akwai leburori da sababbin zuwa ƙasar da hannu da hannu ake biyansu. Binciken da FDIC, hukumar inshorar ajiyar banki ta Amurka, ta yi a 2023 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na gidajen Amurka ba su da asusun banki kwata-kwata, kuma ba a unguwannin masu hali suka taru ba. Idan a irin unguwarmu wurinka yake, cire akwatin kwandala korar tsofaffin abokan cinikinka ne da hannunka.

Yanzu ga inda nake so ka natsu sosai, domin nan ne ake yi wa mutum yankan baya ba tare da an yi masa ƙarya ba. Kowane biya da kati yana da caji iri biyu: wani kaso cikin ɗari, da wani tsayayyen kuɗi a kan kowane ciniki komai ƙanƙantarsa. Mai sayar da firij ba ya jin na biyun. Mu masu cinikin dala ɗaya zuwa biyar shi ne ke cinye mu.

Ɗauki alƙalami mu gwada. A ce an ba ka kashi 3 cikin 100 da senti 10 a kowane ciniki. Wankin dala 3 za a cire senti 9 da senti 10, wato 19, sama da kashi 6 cikin 100 kaɗan. Wani kuma ya zo da fara'a ya ce nasa kashi 2.5 ne kawai, amma tsayayyen cajinsa senti 25. A wannan wankin na dala 3 ɗin dai, za a cire maka kusan senti 33, kusan kashi 11 ke nan. A injin ƙura da ake tayarwa da dala 1, sama da rubu'in kuɗin ya tafi kafin ka biya wutar lantarki. Wanda ya fi araha a baki shi ya fi tsada a aljihu. Sannan akwai kuɗin wata-wata. Wasu a kan kowace na'ura suke caji, wasu a kan wurin baki ɗaya. Idan dala 8 ce a kan kowace na'ura kuma kana da bakwai kamar ni, dala 56 ke nan a wata, 672 a shekara, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kada ka yarda da lissafin baki. Ka ce a ba ka samfurin takardar bayanin wata ta wani wuri mai girman naka, ka raba jimillar abin da aka cire da jimillar ciniki. Lambar da ta fito ita ce farashin gaskiya.

Tambaya guda da mutane ba sa yi: idan mutum ɗaya ya biya a rumfa, ya fito ya biya a injin ƙura, ya sayi turaren mota a na'urar sayarwa, ciniki uku za a ƙirga ko ɗaya? Akwai tsarin da ke haɗe su wuri guda idan da kati ɗaya aka yi cikin ɗan lokaci, sai tsayayyen cajin ya hau sau ɗaya. A sana'armu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar tarayya ta 2010 ta kuma ba ɗan kasuwa damar sa mafi ƙarancin ciniki da katin bashi har zuwa dala 10, amma ban ba ka shawarar kai wa can ba, domin wanda ya zo ɗauraye tayoyi kawai zai wuce gaba. Ni dai abin da na yi, na ɗan ɗaga kuɗin tayar da agogo da kati sama da na kwandala, na kuma ƙara masa mintuna daidai gwargwado.

Daga nan sai yadda agogon zai yi ƙidaya. Da kwandala ƙasa yake yi: ka zuba, ya ba ka minti huɗu, ya fara raguwa, ya yi ƙara idan ya kusa ƙarewa. Da kati kana da zaɓi. Ko dai ya cire ƙayyadadden kuɗi ya yi ƙasa kamar na kwandala, ko kuma ya yi sama, wato yana ta ƙirgawa har sai mai mota ya danna maɓallin tsayawa. Na sama ya fi kawo ciniki, na gani da idona, domin mutum ba ya gaggawa, yana wanke har ƙarƙashin mota. Amma yana da sharuɗɗa biyu da ba na wasa da su. Dole ka sa iyaka, ta yadda wanda ya manta bai danna maɓalli ba ba za a yi ta cin kuɗinsa har gari ya waye ba. Haƙƙin mutane ne, kuma ba na son kwabon da ba a yi wanki da shi ba. Na biyu, tsarin yakan riƙe wani adadi a katin tun farko kafin a san nawa za a kashe, kuma a katin cire kuɗi wannan riƙo kan ɗauki kwanaki kafin banki ya sake shi. Wata dattijuwa ta taɓa kirana ranta a ɓace, ta ga dala 10 a wayarta alhali wankin dala 4 ta yi. Ba a cuce ta ba, amma ba wanda ya yi mata bayani. Washegari na buga allo da manyan haruffa na manna a kowace rumfa, da lambar wayata a ƙasa. Ka sa adadin riƙon ya zama kaɗan iya yadda tsarin ya yarda.

Na'urar kanta iri uku ce: ta gogawa, ta zura kati mai ƙwayar ƙarfe, da ta ɗorawa wadda ake kusanto kati ko waya kawai. Tun Oktoban 2015 ƙa'idar kamfanonin kati a Amurka ta sauya: idan aka goga jabun kati a na'urar da ba ta karanta ƙwayar, asarar kan ɗan kasuwa take komawa. A cinikin dala 5 asarar ba ta da yawa, shi ya sa har yau ake ganin tsofaffin na'urorin gogawa a wurare. Amma idan yau kake saye, nemi mai ɗorawa. Dalilina na rumfa ne ba na banki ba. Duk na'urar da ke da rami ko tsaga, ruwa da kumfa da gishiri za su shiga. A Ohayo gishiri ake zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara, kuma ranakun da rana ta fito bayan dusa su ne kakarmu, layi har bakin titi. A ranar ne ba ka son tsagar kati ta daskare. Ta ɗorawa rufaffiya ce, kuma tana karɓar Apple Pay da Google Pay. Duba ma'aunin jure ruwa a takardarta. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga kuma tana jure feshin ruwa, amma duk da haka a kafa ta inda bakin bindiga ba ya fuskanta kai tsaye.

Sai hanyar sadarwa. Wasu, irin na'urorin kamfanin Nayax, kowace tana iya fita ta layin salula da kanta. Wasu, irin na kamfanin CryptoPay, ƙananan na'urorin suna magana da uwar na'ura guda a ɗakin injuna, ita kuma ta fita ta intanet ɗin wurin. Na farko ba ya buƙatar ka ja intanet, amma yawanci kowace na'ura da kuɗinta na wata. Na biyu idan uwar ta faɗi duka sun faɗi. Kafin ka zaɓa, shiga kowace rumfa da wayarka ka ga ƙarfin sabis, domin bangon bulo da akwatin ƙarfe suna danne shi. Kuma hattara da na'urori na hannu masu aiki da tsohon layin kamfanonin salula. AT&T ta kashe layinta na 3G a Fabrairun 2022, Verizon ta kashe nata a ƙarshen Disambar shekarar, kuma duk na'urar da a kansa kaɗai take ta zama ƙarfe. Har yanzu ana tallar irinsu da araha. Ni ma an kawo min guda uku, Allah ya sa na nemi lambar samfurin kafin in biya.

Kira mai gyaran lantarki da ya san wurin wanki ya buɗe akwatin tun kafin ka yi oda. Yawancin akwatunan da wuta mai ƙarfin bolt 24 suke aiki, kuma na'urar kati tana aika wa agogo sigina ne tamkar an jefa kwandala. Wani tsohon agogon zai karɓa, wani ba ya iya ƙidayar sama sai an sauya shi. Ga kuma ƙofar akwatin: ko a huda ta, ko a sayi sabuwa. Duk wannan kuɗi ne da ba ya cikin farashin da dillali ya faɗa maka.

Kwandala kuwa, na san wahalarta. Ta senti 25 nauyinta giram 5.67 ne, don haka dala 1,000 kwandala 4,000 ce, kusan kilo 23, kai za ka kwashe cikin sanyi ka ƙirga ka kai banki. Ita ce kuma ke jawo ɓarayi su fasa maka akwati, su yi ɓarnar da ta ninka abin da suka ɗauka. A Yunin 2020, lokacin annobar korona, babban bankin Amurka ya fara taƙaita rabon kwandala ga bankuna, sai masu zuwa wankin tufafi suka dinga zuwa suna kwashe ta na'urar canjina ba tare da sun wanke mota ba. Maganin da na samu shi ne kwandalar gida, wadda ake buga maka da tambarinka, na'urar canji ta karɓi takardar kuɗi ta ba da ita. Ba ta da amfani a ko'ina sai wurinka, ɓarawo ba ya sha'awarta. Sai dai ka yi odar mai girma da haɗin ƙarfe na daban, in ba haka ba ta gidan wasan yara mai araha za ta tayar maka da famfo. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da yadda taransifa ta dinga maƙalewa a lokaci guda, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin hanya biyu ba. Ranar da intanet ya ɗauke, akwatin tsaba ne ke riƙe ni.

Manhajar waya da lambar QR ban hana ka ba, musamman idan kana da direbobin haya da ke zuwa kullum kana so ka yi musu ragi. Amma su zo daga baya. Kuma idan ka manna QR, ka riƙa duba shi, domin a farkon 2022 an kama na bogi da aka liƙa a kan mitocin ajiye mota a wasu biranen Tekzas.

A takardar yarjejeniya karanta abu huɗu da kanka: shekara nawa aka ɗaure ka, nawa ne tarar fita, ko na'urar za ta yi aiki da wani kamfanin sarrafa kuɗi idan kun ɓata, da kwana nawa kuɗinka ke yi kafin ya faɗo asusunka. Tambayi kuma wa ke ɗaukar nauyin ƙa'idar tsaron kati ta PCI, domin akan ɗora tarar wata-wata ga wanda bai cike takardarta ta shekara ba. Za a yi maka tayin biya kaɗan-kaɗan da kuɗin ruwa a ciki. Ni ban karɓa ba, saboda addinina. Na sayi na'ura guda ɗaya da kuɗina, na sa a rumfar da ta fi kusa da titi, na bar ta wata uku har ta ga sanyin Janairu, ina kwatanta cinikinta da na maƙwabciyarta. Da ribarta na sayi ta biyu.

Ƙanen nawa ya ce, "To Yaya, gobe me zan fara yi?" Na ce ya je wurin mai sayarwa ya nemi takardun ruwa da na wuta na shekara biyu, da littafin kwasar kwandala idan akwai, ya ɗauki hoton cikin kowane akwati da lambar agogonsa ya turo min. Ranar Asabar da safe kuma zan zo da kujeru biyu da fulas ɗin shayi, mu fara ƙirga masu juyawa.