Yadda nake duba lafiyar gonar hatsi daga sama da tauraron ɗan adam

Ni malamin gona ne a Tawa, amma gonar gidanmu tana can wajen Illela, kuma ba kowane mako nake samun zuwa ba. Damana uku ke nan ina leƙa ta daga sama ta kwamfuta. Ga yadda nake yi, ga kuma inda abin ya taɓa yaudara ta.

Sai an fara gane abin da ake aunawa. Ganye kamar madafa ne: yana ɗaukar hasken rana da ruwa da iskar kabon ya haɗa abincin shuka, aikin da masana ke kira fotosintesis. Sinadarin da ke sa ganye tsanwa yana shanye jan haske don wannan girki, sannan lafiyayyen ganye yana mayar da wani haske da idonmu ba ya gani, wato infirared. Tauraron yana ganin duka biyun. A cire ja daga infirared, a raba da jimillarsu, sai a samu lambar da ake kira NDVI. Ƙasa tsirara kan ba da wajen 0,1 zuwa 0,2. Shukar da ta rufe ƙasa ruf tana haura 0,6. Hatsinmu da ake shukawa rami-rami da tazara, yashi na leƙowa a tsakani, ba safai yake kai can ba, don haka kada ranka ya ɓaci.

Tauraron da nake amfani da shi Sentinel-2 ne, na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015. Yana dawowa kan wuri ɗaya kowane kwana 5, kuma ɗigo ɗaya na hotonsa mita 10 ne kan mita 10, wato ɗigo 100 a hekta. Kyauta ne. Ka shiga shafin intanet na Copernicus Browser, inda ake duba hotunansa, ka yi rajista da imel, ka nemo ƙauyenku, ka zana iyakar gonar. Ka ɗan shigo da zanen ciki kaɗan, domin shinge da hanyar shanu da gonar maƙwabci kada su gurɓata lissafi. Zaɓi hotunan L2A, wato waɗanda aka riga aka cire wa tasirin sararin sama, rage yawan girgije, danna NDVI. Shi ke nan.

Hoto ɗaya ba ya gaya maka komai. Ni littafi nake da shi: tun ranar shuka nake rubuta kwanan wata da lambar gonar, gabas daban, yamma daban, saboda yammacin gonarmu fako ne da muka yi wa tassa, gabas kuma jigawa. Abin da ake so shi ne lamba ta riƙa hawa daga noman fari har hatsi ya yi bununi, sannan ta sauko yayin da zangarniya ke nuna. In ta tsaya cak ko ta faɗi tun lokaci bai yi ba, akwai magana: ƙishi, ko rashin taki, ko tsutsa.

A damana ta farko na yi kuskuren da har yanzu yake damuna. Na ga wata kusurwa ta fi ko'ina tsanwa, na kira kawuna da murna na ce, "Kawu, gindin tudun nan zai cika mana rumbu bana." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, zo ka gani da idonka." Da na je, ciyawa ce ta haɗiye wurin, hatsin ya ƙanƙance, ƙuduji ya yi jajayen furanni a gindinsa. Tauraro ba ya bambanta ganyen hatsi da na haki. Tun daga nan, duk ɗigon da ya fita daban, ko ya yi kyau ko ya yi muni, sai ƙafa ta taka wurin kafin in ce uffan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. NDVI tsanwa take aunawa, ba girkin kansa ba. Shukar da ƙishi ya kama tana rufe ƙananan kafofin ganyenta, girki ya ragu, amma launi bai sauya ba tukuna. Ga shi tauraron da hantsi yake wucewa, wajen ƙarfe goma da rabi, kafin rana ta sa ganye ya nannaɗe. Shi ya sa in ruwa ya ɗauke kwana bakwai nake buɗe NDMI, wadda ke nuna damshin ganye, in haɗa da abin da ma'aunin ruwan sama ya nuna, da sanarwar damana ta cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai.

A watan Agusta girgije kan rufe hoto biyu ko uku a jere, kuma inuwarsa tana kama da gonar da ta lalace. Kafin ka tsorata, duba hoton launin gaskiya na ranar. Da rani, masu garkar albasa a Galmi da Ƙonni sun fi mu sa'a da sarari, sai dai ƙurar hunturu, da ƙanƙantar fangali: garkar da ba ta kai rubu'in hekta ba ɗigo 25 ma ba za ta cika ba. Kuma in akwai gawo a ciki, ka fitar da shi daga zanen, domin da rani ne yake fitar da ganye.