Yadda ake sauya madannan fad a RetroArch ba tare da an rikita sauran wasanni ba

RetroArch, manhajar da ke kunna wasannin tsofaffin na'urorin wasa, ba ya haɗa fad ɗinka (abin da kake riƙewa kana buga wasa) da wasa kai tsaye. Akwai wani fad na cikin manhajar da ke tsakani, sunansa RetroPad, mai tsarin fad ɗin Super Nintendo: B a ƙasa, A a dama, Y a hagu, X a sama. A fad ɗin Xbox kuwa A ce a ƙasa, B a dama. Daga nan rikicin yake farawa. Shi ya sa gyaran yake da hawa biyu.

Hawa na farko, gabatar da fad ga manhajar. Shiga Settings, sai Input, sai RetroPad Binds, sai Port 1 Controls, ka danna Set All Controls. Kada ka bi harafin da ke jikin madanni, bi mazauninsa: idan an nemi B, danna na ƙasa, ko da A aka rubuta a kansa. Da ka gama, danna Save Controller Profile. Sau ɗaya ake wannan, kuma duk abin da ka taɓa a nan ya shafi kowane wasa har da menu.

Hawa na biyu shi ne ainihin sauyin. Kunna wasan tukuna, danna F1 a kibod, ka shiga Quick Menu, Controls, Port 1 Controls. Ɗauki Super Mario Bros. na NES: B gudu, A tsalle. Yadda ya zo, gudu na ƙasa, tsalle na dama, babban yatsa ba ya hawa biyun cikin sauƙi. Mayar da B zuwa madannin hagu, A zuwa na ƙasa, sai kan yatsa ya riƙe gudu, gindinsa ya buga tsalle. Wasannin faɗa na Mega Drive mai madanni 6 sun fi ban haushi, domin Genesis Plus GX, wato kwa (core) ko ɓangaren manhajar da ke kunna wasannin Mega Drive, yana jefa X da Z na Mega Drive a kan L da R, madannan kafaɗar fad. Gwara ka jera naushi da shuri yadda hannunka ya saba.

Ajiyewa tana cikin Manage Remap Files. Save Game Remap File na wannan wasan ne kaɗai, Save Core Remap File kuma na duk wasannin da wannan kwa ɗin ke kunnawa. Idan biyun suna nan, na wasa ne ke rinjaye. Saboda haka in ka yi gyara ya ƙi zama, duba foldar config/remaps, wataƙila wani tsohon fayil na .rmp ne ke danne sabon. Goge shi.

Sandar analog ba ta motsa komai a wasannin NES sai ka mayar da Analog to Digital Type zuwa Left Analog. In kuma ka ɗora wani umarnin manhaja a kan madannin fad, misali fita a kan Start, sanya Hotkey Enable a kan Select, yadda umarnin ba zai yi aiki ba sai ka riƙe Select, don kada Start ya fitar da kai ana tsakiyar wasa.