Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Tallafa wa Mata a Jami'a

A kowace jami'a akwai mata iri uku da ke wuce juna a hanya kullum ba su taɓa zama wuri ɗaya ba: ɗalibar da ta goyo jaririnta zuwa lacca don ba ta da inda za ta bar shi, malamar da ƙarin girma ya tsaya mata saboda ba ta samu sararin rubuta takardun bincike ba, da baiwar Allah mai sharar ofis wadda ɗan kwangila ya ɗauka, ranar da ta haihu ranar aikinta ya ƙare. Ƙungiyar da nake ba da shawarar a kafa ita ce wadda za ta haɗa su ukun. Ta ɗalibai zalla takan mutu idan waɗanda suka kafa ta sun kammala karatu, ta malamai zalla kuma takan koma taron cin abinci na ƙarshen shekara.

Mataki na farko, ku binciki abin da ke ƙasa

Kafin ku sa suna ko ku buga takarda, ku zagaya. Akwai ɓangaren 'yan'uwa mata na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, akwai ƙungiyoyin ɗalibai Kirista irin su FCS, wasu jami'o'in suna da reshen ƙungiyar matan jami'a ta NAUW, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da cibiyar nazarin jinsi. Ga ƙungiyoyin ma'aikata, ASUU ta malamai, SSANU ta manyan ma'aikata, NASU ta sauran ma'aikatan da ba sa koyarwa. Ku je ku gaishe da shugabanninsu mata, ku tambayi abin da suke yi da abin da ya fi ƙarfinsu. Idan kuka tsallake wannan gaisuwa, za a ɗauke ku kishiyoyi tun ba ku fara ba.

Na biyu, ku tara mutanen farko

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. A cikinsu a samu babbar malama wadda ake jin maganarta a majalisar jami'a, da ma'aikaciya ɗaya daga ofishin rajistara ko asibitin makaranta, da ɗalibai waɗanda ba 'yan ajin ƙarshe ba. A samu Musulma, a samu Kirista. A samu matar aure da budurwa, kuma idan akwai mai larurar gani ko ta tafiya, a jawo ta tun ranar farko, don ita kaɗai ta san matakalar da ke hana ta shiga ɗakin karatu.

Akwai abin da za ku lura da shi a zaman farko. Ɗaliba ba za ta buɗe baki gaban Farfesa ba, sai dai "haka ne, Ma" da "gaskiya ne, Hajiya". Mai shara kuwa ko kujera ba za ta yarda ta hau ba. Don haka ku raba sauraron: ɗalibai su zauna su kaɗai a hostel, ƙananan ma'aikata su zauna da wadda suka saba da ita, cikin Hausa ko harshen da suka fi sakewa da shi, sannan a kawo abin da aka ji gaban kowa ba tare da an ce wance ce ta faɗa ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da haka ta tafiyar da 'Yan Taru: ta naɗa jajoji, kowace jaji tana kula da matan yankinta, ta kai musu karatu, ta dawo da damuwarsu. Ku yi haka. Kowane ɓangaren hostel da kowace tsangaya a samu mace ɗaya da aka san ita ake nema, har da masu zama a cikin gari, domin a wuri irin Samaru ko Kongo a Zariya ɗalibai mata da yawa ba a cikin makaranta suke kwana ba.

Na uku, ku zaɓi aiki ɗaya

Sauraron zai fito da matsaloli fiye da ashirin: ruwa a banɗaki, fitilar hanyar da ke tsakanin laburare da hostel, kuɗin rajista, jarrabawar da ta faɗo a makon haihuwa. Ku ɗauki ɗaya wadda za a iya gamawa cikin zango guda. A ganina babu kamar ɗakin reno na lokacin jarrabawa. Ɗaki ɗaya ake roƙa daga shugaban tsangaya, da tabarmi, da ruwa mai tsabta, da mata biyu amintattu da za a biya, da littafin da uwa za ta sa hannu idan ta kawo yaro da idan ta ɗauke shi. Amfaninsa a fili yake, ba wanda zai yi gardama da shi, kuma ɗaliba da malama da ma'aikaciya duk suna bukatarsa.

Na huɗu, takarda da kuɗi

Ku rubuta kundin tsarin mulki gajere, shafi uku ko huɗu: manufa, wa zai iya shiga, muƙamai, tsawon wa'adi, yadda ake kashe kuɗi. Ku kai shi ofishin kula da harkokin ɗalibai don rajista, tare da sunan malamar da za ta zama uwar ƙungiya, ku kuma aika wa rajistara kwafi tunda akwai ma'aikata a ciki. Kowace wasiƙa ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Kuɗi kuwa kada ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da ita ce ta fi kowa tsoron Allah. A buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku, biyu su isa a cire, ɗaya daga cikinsu ɗaliba. Gudummawa ta bi ƙarfin aljihu, a karanta lissafi a kowane taro. Idan za ku taimaka da kuɗin rajista, ku fara da taya ɗalibai cike neman rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara bayarwa a 2024 da tallafin karatu na jihohinsu, sai asusunku ya tsaya ga wadda duk waɗannan suka wuce ta.

Na biyar, ranar da wata za ta zo da kuka

Za ta zo, ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Wata za ta ce malami ya ce sai ta same shi a wani wuri kafin ya sa hannu a furojet ɗinta, wato aikin binciken kammala digiri, wata kuma shugaban ofis ne ya matsa mata. A nan ake gane ƙungiya, kuma a nan ne kyakkyawar niyya ba tare da tsari ba take cutar da wadda aka so taimako.

Ku ware mutum biyu kacal masu karɓar irin wannan ƙorafi, kada kuma a ba da ƙorafi ga malamar da ke sashe ɗaya da wanda ake zargi. Maganar ba ta shiga zauren WhatsApp, ko da an ɓoye suna, don a jami'a kwatance kaɗan ya isa a gane mutum. Wadda ta karɓa ta saurara har ƙarshe. Kada ta tambaye ta irin kayan da ta sa ko me ya kai ta ofishinsa. Ta ce mata ta adana saƙonni, da lokutan kira, da duk takardar sakamako, ta rubuta ranaku tun tana tunawa. Idan an taɓa jikinta, asibiti ne farko, cikin gaggawa, saboda maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shan sa cikin sa'o'i 72 yake aiki.

Daga nan sai a shimfiɗa mata hanyoyin da ke akwai: kwamitin ladabtarwa na jami'a, ofishin SERVICOM mai karɓar koke kan ayyukan hukuma, sashen ba da shawara, lauyoyi mata na FIDA, da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC wadda ke ɗaukar neman lalata don maki a matsayin cin amanar ofis. A 2018 ICPC ta gurfanar da wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, kotu ta ɗaure shi shekara biyu, kuma muryarsa da aka naɗa a waya ce ta tona shi. Akwai kuma dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP ta 2015, sai ku nemi lauya ta faɗa muku matsayinta a jiharku. Zaɓi na mai ƙorafi ne. Idan ta ce ba ta shirya kai ƙara ba, a nema mata canjin mai duba aikinta ta hannun shugaban sashe, a ci gaba da bibiyarta. Idan ta shirya, kada ta shiga gaban kwamiti ita kaɗai. Ƙungiya ba kotu ba ce, ba ta yanke hukunci, ba ta yaɗa sunan kowa a Facebook; wanda ake zargi shi ma yana da haƙƙin a saurare shi.

Na shida, kada a manta da masu albashi

Ƙarin girman malamin jami'a ya rataya ne a kan digiri na uku da takardun da ya wallafa, shekarun da ake bukatar wannan ƙoƙari kuwa su ne shekarun haihuwa da reno. Ku tsayar da safiya ɗaya a mako ta rubutu, a rufe ƙofa, a kashe waya, kowa ta yi nata. Wadda ta taɓa samun tallafin asusun manyan makarantu, wato TETFund, na ƙaro karatu ko na halartar taro ta zauna da ƙanana ta nuna musu yadda ta cike. Masu kimiyya su duba guraben OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, injiniyoyi su shiga APWEN, ƙungiyar mata injiniyoyi ta Najeriya. Farfesa Grace Alele-Williams ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya a Benin a 1985, Farfesa Fatima Batul Mukhtar kuma ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse. Irin waɗannan kujeru daga kwamitoci ake fara hawansu, don haka ku riƙa tura sunayen mata duk lokacin da ake zaɓen wakilai.

Ƙananan ma'aikata kuma a karanta musu sharuɗɗan aikinsu da Hausa. Dokar ƙwadago ta tanadi hutun haihuwa na mako 12 da lokacin shayarwa a ranar aiki, amma da yawa ba su taɓa jin haka ba.

Na ƙarshe, miƙa ragama

Ku yi zaɓe a farkon zango na biyu, yadda sababbi za su yi watanni suna aiki tare da masu barin gado. Kowace shugabar ɗalibai ta kasance da mataimakiya daga aji biyu ko uku. Kundin tsarin mulki, rahoton taruka, bayanan banki da lambobin sirrin shafukan ƙungiya a ajiye su a ofishin uwar ƙungiya, kwafi ɗaya a wurin sakatariya. Fayil ɗin ƙorafe-ƙorafe shi kaɗai ba ya cikin wannan kaya: yana zama a kulle a hannun mutum biyun da aka ware, idan ɗayarsu za ta bar aiki ta damƙa shi hannu da hannu ga wadda ta gaje ta. Idan yajin aiki ya rufe makaranta, kamar na ASUU na wata takwas a 2022, jajojin hostel su ci gaba da kiran matan da ke ƙarƙashinsu ta waya, musamman masu juna biyu da waɗanda ake tsoron gida zai ce su haƙura da karatun.