Bandejin azurfa da gyambon da ya ƙi warkewa: inda aka fi tafka kuskure

"Sista, wallahi mai azurfar muka sayo a Sabon Gari, da tsadarsa, amma shiru." Haka wani dattijo mai ciwon suga ya ce min, yana kwance ƙullin ƙafarsa. Auduga ta yi kore-kore, ga wari, ga wani farin yauƙi ya lulluɓe gyambon. Wata guda ana liƙa bandeji a kan wannan yauƙin.

Nan ne babban kuskuren. Yauƙin nan ba mugunya ba ce kawai. Ƙwayoyin cuta irin su Pseudomonas da Staphylococcus ne ke taruwa su saƙa wa kansu bargo, kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu in ya huce. Wani bincike na 2008 ya samu wannan yana a kashi 60 cikin ɗari na tsofaffin gyambuna, sabon rauni kuwa kashi 6 kacal. Azurfa tana kashe ƙwayar da ta taɓa: ta ɓata fatarta, ta toshe mata numfashi. Amma mataccen nama da yanar nan suna shanye ta tun ba ta kai ƙasa ba. Sai ma'aikacin lafiya ya wanke, ya kankare har jan nama ya fito, sannan a ɗora. Kuma yanar kan sake haɗuwa cikin kwana 1 zuwa 3, don haka kankara ɗaya ba ta isa. Kada a yi ta a gida da reza.

Akwai masu jiƙa Acticoat, wani irin bandejin azurfa, da ruwan gishirin asibiti. Gishirin yana ɗaure azurfar ta zama banza; da tataccen ruwa marar gishiri ake jiƙa shi.

Wasu kuma in sun ga sauƙi sai su ƙi dainawa. Ƙa'idar ita ce mako 2, a sake dubawa. In wari da ruwa sun ɗauke, a koma bandeji na yau da kullum, domin azurfa na iya rage wa sabuwar fata saurin tohowa. In ba canji, ba ita ce maganin ba. Toka-tokan da take bari a bakin ciwo kuwa launinta ne, ba ruɓewa ba.

Sai Dermazin, man shafawa mai azurfa, wanda a kemis ake miƙa wa duk mai ƙuna. Yana ɗauke da sinadarin salfa, irin na cikin Septrin da Fansidar: wanda Septrin ko Fansidar ke sa wa ƙuraje ya kiyaye shi, haka mai ciki da ta kusa haihuwa da jariri ƙasa da wata 2.

Dattijon nan da na gwada sugansa ya yi sama sosai, kuma a kan ƙafar yake yini a kasuwa. Ba bandejin da zai rufe gyambo a haka. In kuwa zazzaɓi ya shigo, ko kumburi na hawa ƙwauri, ko yatsa ya fara baƙi, ciwon ya wuce bandeji: a nufi babban asibiti a ranar, kamar na Shika ko na Gambo Sawaba a Zariya.